Gani Ya Kori Ji: Jawabi A Kan Hoton Zuciya

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin taimakon marasa lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a taron wata-wata da aka yi a Hausari, cikin garin Maiduguri. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, saboda roƙon 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.



Shugaban taro, iyayenmu malamai, dattawan unguwa, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da samarinmu, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri da ya bar rumfarsa da sabgarsa ya zo.

Tun farko bari mu faɗi matsayinmu, don kada a ɗauke mu a inda ba mu kai ba. Mu ba likitoci ba ne. 'Yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, sai ɗan lissafin da ciniki ya koya mana. Amma shekaru ke nan ƙungiya ta ɗora mana aikin raka marasa lafiya asibiti, kuma wanda ya daɗe yana zama a bencin asibiti, in dai yana da baki yana tambaya, to ba zai rasa abin da zai kawo gida ba. Abin da za mu faɗa yau, abin da idonmu ya gani ne, da wanda muka tambayi likitoci suka warware mana, da wanda yaranmu 'yan makaranta suka karanto mana muka auna shi da abin da muka gani.

Maganarmu a kan wani gwaji ne da ake kira hoton zuciya. Ma'aikatan asibiti suna ce masa "eko".

ABIN DA YA TASHE MU

Mata biyu ne suka sa muka roƙi a ba mu wannan lokaci. Ba za mu kama suna ba, amma wasunku za su tuna.

Ta farko yarinya ce, haihuwar fari, ba ta kai shekara 20 ba. An yi suna lafiya, an ci an sha. Bayan kamar sati uku sai ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Aka ce ai jego ne, kowace mace ta yi. Sai haki ya biyo baya, daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta huta. Daga nan kwanciya ta gagare ta, sai dai a jingina ta da matashin kai uku, cikin dare kuma tari ya tashe ta tana neman iska. Aka ce sanyi ne, wasu suka ce a duba ko da hannun mutum a ciki. Aka je wani kyamis, ya ce jini ne ya yi ƙasa, ya ɗaura mata ruwa leda biyu. Daren nan ba wanda ya runtsa a gidan. Sai da aka yi wata biyu ana wannan kai-kawo sannan labari ya zo mana, muka ɗauke ta a Keke Napep. Da aka ɗora mata na'urar nan, likita ya juyo da allon ya nuna wa mijinta. Zuciyar ta buɗe ta yi girma, tana motsi da ƙyar, ga kuma gudan jini kwance a lungunta. Ya ce, "Alhaji, me ya sa sai yanzu?" Ba mu da amsa. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Jaririn yana hannun kakarsa har yau.

Ta biyu, bayan wannan da kamar shekara ɗaya. Haihuwarta ta biyar. Alamomin nan dai su ne, kumburi da haki. Amma uwar mijinta tana cikin waɗanda suka yi wa ta farko wanka, don haka ba ta bari an kwana uku ba. Aka yi hoton, aka ga zuciyar ta yi rauni, aka ɗora ta a kan magani, aka hana ta gishiri da kanwa. Bayan wata shida aka sake hoton, zuciyar ta koma kusan yadda take. Yanzu haka tana nan tana sayar da ƙosai a ƙofar gidansu.

Ajali dai na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma malamanmu da ke zaune nan sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Tsakanin matan nan biyu, abin da ke hannun ɗan Adam shi ne lokacin da aka je aka duba.

YADDA ZUCIYA TAKE

Don a gane amfanin hoton, sai a san abin da ake ɗauka. Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bayan ƙashin ƙirji ta ɗan karkata hagu. Aikinta aikin injin ban-ruwa ne, irin wanda masu lambu ke kafawa a bakin Alau: ta zuƙo, ta tura. Tana da ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Na dama suna tura jini zuwa huhu ya sha iska, na hagu suna karɓo shi daga huhu su tura shi ko'ina cikin jiki. Akwai kuma ƙofofi huɗu masu ƙyaure, kowace tana buɗewa jini ya wuce, ta rufe kada ya dawo. A yini da kwana zuciya takan buga kamar sau 100,000, kuma mutum yana zaune ma tana tura jini kamar lita 5 a kowane minti.

To idan injin ya yi rauni me zai faru? Ruwa zai taru a baya. In ya taru a huhu, shi ne haki da tari da kasa kwanciya. In ya taru a jiki, shi ne kumburin ƙafa da ciki. Kun ga ke nan wanda ke cikin wannan hali aka ɗaura masa ƙarin ruwa, kamar wanda gidansa ke ambaliya ne aka buɗe masa famfo.

YADDA NA'URAR KE GANI

Kowa a nan ya san amsa-kuwwa. In ka leƙa rijiya ka yi magana, muryarka za ta bugi ruwa ta dawo maka, kuma in rijiyar mai zurfi ce sai ta ɗan jima kafin ta dawo. Jemage da wannan yake tafiya cikin duhu ba ya karo da bango. To wannan hikimar ce aka sa a na'ura, shi ya sa ma ake ce mata eko, wato amsa-kuwwa da Turanci.

Akwai ɗan wani abu kamar kan tocila, da waya a jikinsa, shi likita ke dannawa a ƙirji. Yana fitar da sauti siriri wanda kunnen mutum ba ya ji. Kunnenmu yana tsayawa ne a kan kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa wannan yakan kai miliyan 2 zuwa miliyan 5. Sautin yana ratsa tsokar jiki da gudun kamar mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi bangon zuciya da ƙofofinta ya dawo. Na'urar sai ta lissafa lokacin da ya ɗauka, ta san nisan kowane abu, ta zana shi a allo irin na talabijin. Da yake tana yin haka sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, hoton ba tsayayye ba ne, zuciyar za ka gani tana bugawa, ƙyauren yana buɗewa yana rufewa.

Wani lokaci za ku ga ja da shuɗi suna walƙiya a allon. Wani tsoho da muka raka ya ce ja shi ne jini mai kyau, shuɗi ya lalace. Ba haka ba ne. Ja jinin da ke tahowa wajen na'urar ne, shuɗi wanda ke nesanta da ita. Kun san in tirela ta taso daga hanyar Damaturu tana hon, ƙarar takan yi tsini tana tahowa, in ta wuce ka sai ta yi kauri. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin haka a 1842, kuma da wannan ake gane inda jini ya nufa da saurinsa, da ƙofar da ke yoyo.

Asalin abin kuwa ba a asibiti aka fara shi ba. A 1953, a garin Lund na ƙasar Suwidin, wani likitan zuciya mai suna Inge Edler yana neman hanyar da zai san halin ƙofar zuciya kafin a yi wa mutum aiki. Sai ya haɗu da wani masanin kimiyya, Hellmuth Hertz, suka aro wata na'ura daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a garin Malmo, wadda ake duba tsagewa a cikin ƙarfe da ita. Suka ɗora ta a ƙirji, sai ga motsin zuciya. Yau shekara 70 da ɗoriya ke nan ana amfani da wannan hanya a duniya.

Yadda ake yi ba wuya. Za a ce ka cire riga ka kwanta ta gefen hagu, don zuciya ta matso kusa da ƙirji. A shafa wani mai mai sanyi da yauƙi, saboda iska kada ta shiga tsakanin fata da na'ura, don sautin ba ya ratsa iska da ƙashi sosai. Shi ya sa za ka ga likita yana neman tsakanin haƙarƙari, sai ya koma ƙasan nono na hagu, sai ƙasan ƙashin ƙirji, wani lokaci har gindin wuya. Zai ce ja numfashi, riƙe, saki. Minti 30 zuwa 45 an gama. Ba allura, ba yanka, ba jini, ba a ce sai ka zo da yunwa ba. Ba shi da irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, shi ya sa ake yi wa mai ciki da jariri sabon haihuwa. Ɗan'uwan sikanin da ake yi wa matanmu masu ciki ne, wurin dubawa ne kawai ya bambanta.

KADA A HAƊA SHI DA SAURAN

Sau da yawa mutum zai ce mana, "Ai an riga an yi mini hoto." In muka karɓi takarda sai mu ga wani abu ne daban. Gwaji uku ne, kowane da aikinsa. Hoton ƙirji, wanda ake ba ka baƙar leda, inuwar zuciya yake nunawa, ko ta yi girma ko ba ta yi ba, da halin huhu. Na biyu shi ne wanda ake manna wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto, ana ce masa isiji. Wannan wutar da ke kunna zuciya yake aunawa. Eko kuwa shi ne ke shiga cikin ɗakin.

Mu kwatanta da mota. Hoton ƙirji kamar ka tsaya nesa ka ga girman motar ne. Isiji aikin mai gyaran waya ne. Abin da likita ke sawa a kunne kamar makanike ne ya kasa kunne yana jin ƙarar inji. Eko kuwa kamar an buɗe maka injin yana cikin aiki, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Gani ya kori ji.

A takardar da za a ba ku, akwai wata lamba da ya kamata kowa ya sani, ana rubuta ta da haruffa biyu, EF. Ma'anarta, cikin jinin da ya cika babban ɗakin hagu, kashi nawa cikin ɗari yake fita a bugu ɗaya. Zuciya mai lafiya takan tura kashi 55 zuwa 70. In ta yi ƙasa da 40, rauni ya tabbata. Ku tambayi likita lambarku, ku riƙe ta kamar yadda kuke riƙe farashin buhu.

CIWON ZUCIYAR MASU JEGO

Yanzu mu dawo kan matan nan, don wannan ciwo namu ne. Ciwo ne da ke kama zuciyar mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, alhali da can lafiyarta lau. A ƙasashen Turawa sai a yi haihuwa dubbai kafin a sami mace ɗaya. A ƙasar Hausa kuwa lissafin da likitoci suka buga ya nuna kusan ɗaya cikin ɗari. A Sakkwato an sami ɗaya cikin haihuwa 102, a wani bincike da aka buga a 2007. A Kano an sami ɗaya cikin 96, a babban binciken da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, aka buga shi a 2020. Wannan yana cikin mafi yawa a duk duniya.

Maganar ta daɗe. Tun cikin shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Suka lura kusan dukkansu Hausawa da Fulani ne, kuma suka ɗora zargi a kan al'adunmu na jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. A 1979 sai aka duba wasu matan Zariya da na'urar eko, aka ga abin mamaki: da yawansu tsokar zuciyar tana da sauran ƙarfinta, ruwa da gishiri ne suka yi mata yawa, ga zafi ya ƙara mata aiki. Wasu kuma tsokar ce da kanta ta yi rauni. A ido duk ɗaya suke, kumburi da haki. Hoton ne ya raba su.

Daga baya bincike ya nuna al'ada ba ita kaɗai ba ce. A Yamai, a 1992, an gano matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam, kuma binciken Kano ya sake samun haka. An kuma ga ciwon ya fi kama mata marasa ƙiba da ba sa samun isasshen abinci, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki. Saboda haka, iyayenmu mata, ba mun zo mu ce ku kuka kashe kowa ba. Abin da kuka gada kuka yi, da kyakkyawar niyya. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Mu da muke sayar da ita buhu-buhu, ungurnun da ke fitowa ta bakin Tafkin Chadi, mu ya fi kamata mu faɗi gaskiya a kanta ko da cinikinmu zai ragu. Macen da ƙafarta ta kumbura ko take haki, a ɗauke mata kunun kanwa, a sassauta zafin ruwa, a kai ta a duba.

A nan gida ma likitocinmu ba su zauna ba. Likitocin zuciya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda muke ce wa TH, sun buga bincike a 2014 a kan gudan jini da suke gani cikin ɗakin hagu na zuciya idan sun yi eko, kuma masu jego suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Haɗarin gudan jinin nan shi ne ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ba kunnen da zai ji shi, ba hannun da zai taɓo shi. In an gan shi kuwa, akwai maganin tsinka jini da ake bayarwa.

Abu ɗaya kuma ga mazaje, ku saurara da kyau. Macen da ta yi wannan ciwo, in zuciyarta ba ta koma daidai ba, sabon ciki zai iya kashe ta. Don haka ake sake hoton bayan wata shida, kuma likita ne zai ce ta warware ko da saura. In ya ce a dakata, a dakata. Wanda ya ƙi haƙurin shekara biyu, yana iya yin renon marayu shekara ashirin.

BA MATA KAƊAI BA

Mu 'yan kasuwa da muka haura hamsin, namu shi ne hawan jini. Zama a rumfa tun safe, shayi da suga, tsire da maggi, ga tunanin bashi da tunanin kaya a hanya. Bayan gobarar Monday Market ta watan Fabrairu 2023, nawa ne cikinmu suka fara shan maganin hawan jini? Jini in ya daɗe a sama, bangon zuciya yakan yi kauri kamar damtsen ɗan dako, daga baya ya gaji ya saki. Eko yana nuna kaurin nan tun mutum bai fara haki ba, lokacin da magani zai fi amfani.

Na yara kuma iri biyu ne. Akwai wanda aka haifa da huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, ko wata ƙofa a tsuke. Za ka ga jariri yana gumi da haki wajen shan nono, ba ya ƙiba, ko leɓensa da harshensa su yi duhu in yana kuka. Akwai kuma wanda ke farawa da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. In ƙwayar cutar irin mai haɗarin ce ba a kashe ta da fenisilin ba, bayan sati biyu ko uku gaɓoɓi su kama ciwo, mu ce sanyin ƙashi ne, ashe can ciki ƙyauren zuciya ne ke lalacewa. Sai yarinya ta girma ta yi ciki sannan abin ya bayyana. In an gani da wuri, allurar fenisilin ta wata-wata tana tsayar da ɓarnar. Har ila yau, tarin fuka yakan tara ruwa a jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta, kuma eko ne ke nuna ruwan da inda za a zuƙe shi.

ABUBUWAN DA KE HANA MU

Na farko kunya. Wani zai ce yaya za a buɗe ƙirjin matata gaban namiji. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma kuna da damar ku tambaya ko akwai mace mai yi, kuna da damar ku ce wata ma'aikaciya ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin, kuma a rufe ta da zane a buɗe wurin da ake dubawa kawai. Mun sha roƙon haka an yi mana. Hukuncin lalura kuwa, ga malamai nan, a tambaye su.

Na biyu tsoro. Wasu sun ce na'urar tana shan jini ko tana rage kwana. Sauti ne kawai, jama'a. Wasu kuma tsoron abin da za a gani suke yi. To ɗan kasuwar da ya ƙi buɗe littafin bashinsa don kada ransa ya ɓaci, bashin ya ragu ne?

Na uku kuɗi, kuma shi ne babba. Gwajin ba kyauta ba ne, kuma rayuwa ta yi tsada. Amma mu yi lissafi irin namu. Yarinyar nan ta farko, abin da aka kashe a kyamis da turare da sauran neme-neme cikin wata biyu ya ninka kuɗin hoton sau da yawa. Ba wanda zai sayi buhun wake a Gamboru bai soka ya ga ƙwayar ba, ba mai sayen bandar kifi a Tashar Baga bai buɗe kwali ba. Amma sai mu yi ta sayen magani ba mu ga ciwon ba.

Mu kuma faɗi iyakarsa don kada a ce mun yi talla. Hoton ba magani ba ne, hanya yake nunawa. Ba ya nuna ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, wannan wani gwaji ne daban. Mai ƙiba sosai ko mai tsohon ciwon huhu, wani lokaci hoton ba ya fita tas, har sai an bi ta maƙogwaro da wata siririyar na'ura. Sannan kyan hoto yana ga mai ɗauka. Ba duk mai na'urar sikanin ciki ne ya iya karanta zuciya ba, don haka a je inda likitan zuciya yake, ko inda likita ya tura ku. Ba kuma kowa ke bukatarsa ba, likita ne zai auna ka ya ce a yi.

ABIN DA MUKE ROƘO

Asibitin TH da ke hanyar Bama, tun 1983 da Shugaba Shehu Shagari ya buɗe shi, mutane ke zuwa daga Yobe da Adamawa, har daga Chadi da Kamaru da Nijar. Mu da muke kwana mu tashi a Yerwa, kuɗin Keke ne tsakaninmu da shi. Iyayenmu da kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram suka zauna nan, suka taho da sana'arsu da al'adarsu, kuma ciwon nan ma bai tsaya a can ba. Saboda haka kwamiti yana roƙon taro ya amince da abu huɗu.

Na ɗaya, a ware wani kaso daga asusun taimako musamman don kuɗin hoton zuciya ga masu jego da yara waɗanda likita ya rubuta wa, iyayensu ba su da hali. Gara mu haɗa kuɗin hoto da mu haɗa kuɗin likkafani.

Na biyu, ɓangaren mata su zaɓi dattijuwa biyu a kowace unguwa, Hausari da Gwange da Bulunkutu da sauransu, su riƙa leƙa mai jego har ta yi wata biyar, ba ranar suna kaɗai ba. Tambaya uku za su yi: Kina iya kwanciya miƙe? Kina haki in kin yi ɗan aiki? Ƙafarki ta kumbura? In an sami biyu cikin uku, a sanar da miji da kwamiti a ranar. Wadda numfashi ya sarƙe mata tana zaune kuwa, ba a jiran kowa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Na uku, kowane magidanci ya bar izini a gidansa. Mu matafiya ne, yau Kano gobe Legas. Kada mace ta kwana tana haki don ana jiran Alhaji ya dawo ko wayarsa ta shiga. Ka faɗa tun yau, gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa in ciwo ya taso a tafi.

Na huɗu, a adana takarda. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumba 2024 ta shiga gidajenmu, ta shiga har cikin TH ta ɓata na'urori masu tsada, kuma mutane da yawa sun rasa takardunsu na asibiti. Alhali amfanin hoto na biyu shi ne a gwada shi da na farko. A sa takardar a leda, a kuma sa yaro ya ɗauke ta a waya. Sannan wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don kumburi ya sauka, sai likita ya ce.

'Yan'uwa, mun tsawaita, ku yi mana afuwa. In mun yi kuskure a wani wuri, akwai 'ya'yanmu ma'aikatan asibiti a cikin taron nan, su gyara mana, ba za mu ji haushi ba. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya raya marayun da suka bari. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti, ya sauki masu ciki lafiya, ya zaunar da Jihar Borno da ƙasarmu lafiya.